Kwamfuta huɗu sun fi guda ɗaya jinkiri a OpenFOAM, ina matsalar take?

Ɗalibin Injiniya, Garin Malam:

Assalamu alaikum malamai da ƴan uwa. Ina neman haske kan raba aikin lissafi tsakanin kwamfutoci.

Aikin shi ne kwaikwayon yadda iska da zafi ke zagayawa cikin mangazar ajiye wake mai rufin kwano, irin waɗanda ake ginawa nan Damagaram, don a gano inda ya kamata a buɗe tagogi da girman da za a ba su. Tsarin tagogi iri 12 ne za a gwada. Ina aiki da OpenFOAM, manhajar lissafin tafiyar iska da ruwa, a kan Ubuntu, da ɓangarenta na iska mai zafi, buoyantSimpleFoam. Ragar kuma, wato ƙananan guraben da aka rarraba cikin mangazar don lissafi, tana da gurabe kusan miliyan 4.1.

Kayan aiki: kwamfuta huɗu iri ɗaya, kowacce Core i7-7700 da RAM giga 16. Suwic ɗaya ya haɗa su, fayilolin aikin suna kan ta farko, sauran suna karantawa ta NFS, hanyar raba fayiloli ta waya. Da scotch, hanyar yanka raga zuwa yankuna, na raba ragar, lissafin matsin iska kuma wata hanya mai suna GAMG ke warware shi. Ga lokacin da zagaye 100 na lissafin ke ci, gwargwadon yawan ayyukan da aka raba shi, kowane aiki da yankinsa na raga: aiki ɗaya, sakan 1,900. Aiki 4 a kwamfuta guda, sakan 900. Aiki 8 a kwamfuta guda, sakan 950. Aiki 32 a kan duka huɗun, sakan 1,100.

Me ya sa 4 ba su ba da ninki huɗu ba, me ya sa kuma 32 suka fi 4 jinkiri? Tambaya ta biyu: matsakaicin zafin cikin mangazar yana ɗan bambanta tsakanin aiki ɗaya da aiki 32. Wannan kuskure ne a rabon ragar?

Mai Lissafi na Zango:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka yi kyau da ka kawo alƙaluma, domin amsar rabin tambayarka tana cikin ukun farko tun kafin a taɓa maganar suwic.

Da farko, i7-7700 ƙwayar sarrafawa huɗu gare ta, ba takwas ba. Takwas ɗin da kake gani a htop zare ne, biyu-biyu a kan kowace ƙwaya, kuma su biyun suna raba kayan aiki ɗaya ne. Buga lscpu za ka ga ƙwaya 4, zare 2 a kowacce. A irin wannan lissafi zaren na biyu ba ya ƙara komai, sai ma ya ninka yawan iyakokin da za a riƙa musayar bayani a kansu. Shi ya sa 950 ta fi 900. A fayil ɗin sunayen kwamfutocin ka rubuta slots=4 ga kowacce, numberOfSubdomains, wato yawan yankuna, ya zama 16, ka ƙara --bind-to core a mpirun, umarnin da ke tada ayyukan, don kada aiki ya riƙa tsalle daga wannan ƙwaya zuwa waccan.

Na biyun shi ne babba, kuma shi mutane suka fi rashin lura da shi. Lissafin raga ba ya wahalar da ƙwaya da tarawa da ninkawa, jiran bayani daga RAM ne ke cin lokaci. Mu ƙirga. Kowane gurbi a raga mai fuska shida yana da kusan fuska uku na rabonsa. A duk lokacin da aka ninka jadawalin lissafin matsi da jerin lambobi, ana karanta bayit 8 na gurbin kansa, bayit 16 ga kowace fuska (8 na lambar, 8 na adireshin gurabe biyun da ke maƙwabtaka), sai bayit 16 na abin da ya shiga da abin da ya fita. Kusan bayit 72 ke nan ga gurbi ɗaya, wato wajen mega 300 ga ragarka a bugu ɗaya. Lissafin da za a yi da waɗannan bayit 72 bai wuce tarawa da ninkawa 13 ba. Ƙaramar ma'ajiyar da ke cikin i7-7700 mega 8 ce kawai, saboda haka dole duk mega 300 su taso daga RAM a kowane bugu.

RAM ɗin zamanin i7-7700 DDR4-2400 ce, hanya ɗaya tana ɗaukar giga 19.2 a sakan a takarda, a aikace kuma ƙasa da haka. Mega 300 a kan wannan hanya milisakan 15 ne ko fiye, alhali ƙwayoyi huɗu za su gama lissafin kansa cikin milisakan uku ko huɗu. Sauran lokacin zaman jira suke yi. Kamar ƴan garuwa huɗu ne a bakin famfo ɗaya: ƙara na biyar ba ya sa ruwan ya ƙara gudu.

Ninkin 2.1 da ka samu yana nuna mini cewa baret (sandar RAM) ɗaya ce mai giga 16 a cikin kowace kwamfuta, ba biyu masu giga 8 ba. Tabbatar da sudo dmidecode -t memory. In haka ne, hanya ɗaya cikin biyu kake amfani da ita. Sa baret ta biyu mai girma da gudu iri ɗaya a ramin ɗaya hanyar (littafin allon kwamfutar yana nuna ramukan, galibi masu launi ɗaya), faɗin hanya zai koma giga 38.4. Kada ka sa ran ninki huɗu ko bayan haka, wajen uku ake samu a irin wannan aiki. Idan kana so ka ga adadin da idonka, akwai ɗan gwaji mai suna STREAM, ka gudanar da shi kafin da bayan ƙarin.

Wani abu kyauta: renumberMesh -overwrite kafin ka fara. Yana sake jera lambobin gurabe don maƙwabta su zauna kusa da juna a RAM. A ragar da snappyHexMesh, manhajar gina raga, ta fitar, bambancin yakan fito fili.

Ƴar Birni:

Malam ya gama da abin da ke cikin kwamfuta guda. Ni zan ɗauki sakan 1,100 ɗin, domin ko da baret ɗaya-ɗaya, kwamfuta huɗu hanyar RAM huɗu ce, ya kamata su kusanci sakan 225 da ba don waya ba. Tazarar da ke tsakanin 225 da 1,100 kusan duk a kan waya ta tafi.

Don sauƙin lissafi mu ɗauki ragar a matsayin akwati mai gurbi 160 a kowane gefe, jimla 4,096,000. In an yanka shi gida huɗu, biyu a tsaye biyu a kwance, kowace kwamfuta tana da maƙwabta biyu, kowace iyaka tana da fuska 80 sau 160, wato 12,800. Fuska 25,600 sau bayit 8, kilobayit 205 ke nan za ta aika a kowace musaya. A kan wayar gigabit, mai ɗaukar mega 125 a sakan, milisakan 1.6 ne. A kan wayar megabit 100, milisakan 16 ne. Bugun da Malam ya lissafa kuwa, in an raba shi huɗu, milisakan 4 kawai yake ci. Ka ga a megabit 100 aikawa ta ninka aikin kansa sau huɗu. Saboda haka abu na farko, a kowace kwamfuta ka buga ethtool da sunan katin wayarta ka duba layin Speed. Duka huɗun dole su nuna 1000Mb/s. Guda ɗaya tak in ta faɗo 100 ta ja sauran, domin a kowane zagaye kowa yana jiran wanda ya fi jinkiri. Sannan ka gwada da iperf3 tsakanin kowace biyu, ya kamata ka ga wajen megabit 940.

Wannan lissafi nawa ma na rabo mai kyau ne. Scotch tana ƙoƙarin rage fuskokin iyaka gaba ɗaya, amma ba ta san wane yanki ne zai zauna a wace kwamfuta ba. Da ka ce mata 32, tana iya sa maƙwabta biyu masu doguwar iyaka a kwamfutoci daban, sai abin da ya kamata ya bi ta RAM ya bi ta waya. Maganinsa method multiLevel a decomposeParDict, fayil ɗin saitin rabon raga: matakin farko a raba 4, mataki na biyu a sake raba kowanne 4. Da haka yanki na 0 zuwa 3 za su zama dunƙule ɗaya a kwamfuta ta farko, 4 zuwa 7 a ta biyu, har ƙarshe, muddin mpirun yana cika kwamfuta ɗaya kafin ya wuce gaba. Kada ka sa --map-by node, shi ke warwatsa su ɗaya nan ɗaya can. Tunda mangaza doguwa ce mai siffa mai sauƙi, hierarchical ma za ta yi, ka yanka ta a kan tsawonta inda iyakar ta fi ƙanƙanta. Karanta ƙarshen abin da decomposePar ke bugawa: yana faɗin yawan fuskokin iyaka da yadda yanki mafi girma ya zarce matsakaici. In ya zarce da fiye da kashi biyar cikin ɗari, sake rabon.

Sai GAMG. A kwamfuta ɗaya ita ce ta fi sauri, ba gardama. Amma yadda take aiki shi ne ta riƙa haɗe gurabe zuwa raga mai gwaɓi, mataki bayan mataki, har kowane yanki ya rage da ƴan gurabe kaɗan, kuma a kowane mataki sai an yi musaya. A matakan ƙasa saƙon ƙanana ne ƙwarai, don haka faɗin waya ba ya taimako, jinkirin isar saƙo ne ke mulki. A gigabit kowane saƙo yana cin mikrosakan hamsin ko fiye komai ƙanƙantarsa, a InfiniBand da manyan cibiyoyin lissafi ke amfani da ita kuwa ɗaya zuwa biyu ne. Gwada warware matsi (p_rgh) da PCG, wata hanyar warwarewa, tare da mataimakiyarta DIC a kan yanki 16, ka kwatanta ClockTime, wato ainihin lokacin da aikin ya ci, ba yawan zagayen ciki ba. PCG za ta yi zagayen ciki da yawa, kuma za su ƙaru in yankuna suka ƙaru, domin DIC a cikin kowane yanki kaɗai take aiki, ba ta tsallake iyaka. Duk da haka a kan waya mai jinkiri takan yi nasara. Kada ka matsa relTol, ma'aunin da ke tsayar da warwarewa, fiye da 0.01 a aikin SIMPLE irin na buoyantSimpleFoam, warware matsi sarai a kowane zagaye ɓarnar lokaci ce.

In kwamfutocin suna da wifi ko docker, gaya wa Open MPI, manhajar aika saƙonni tsakanin ayyukan, katin da zai bi da --mca btl_tcp_if_include da sunan katin. In ba haka ba yakan raba saƙonni har ta hanyar da ba ta dace ba.

Makanikin Kwamfuta, Sabon Gari:

Ƙari kan maganar Hajiya game da megabit 100. Ba lallai suwic ne ba. Gigabit tana bukatar duka silli takwas na cikin waya, megabit 100 kuwa huɗu kawai. Wayar da aka matse kanta da hannu, in silli ɗaya bai kama ba, haɗin yakan yi aiki lafiya lau amma ya sauka zuwa 100 ba tare da wani gargaɗi ba. Akwai kuma wayoyin arha masu silli huɗu kacal a ciki. Sayi Cat5e ko Cat6 gajeru waɗanda aka haɗa daga masana'anta, mita ɗaya ko biyu sun isa.

Sannan zafi. A watan Afrilu da Mayu nan garin inuwa ma tana wuce digiri 40. Iyakar i7-7700 digiri 100 ce, in ta kusanci nan sai ta rage gudunta da kanta. Gwajin zagaye 100 bai cika nuna wannan ba, sai aiki ya yi awa ɗaya ko biyu. Saka lm-sensors, ka bar watch sensors a buɗe, ka duba MHz a /proc/cpuinfo a kan duka huɗun. Ɗaya in ta rage gudu, an koma maganar jiran wanda ya fi jinkiri. Ƙurar hunturu tana toshe haƙarƙarin ƙarfen sanyaya, a buɗe a hure, a goge tsohon man da ya bushe tsakanin ƙwaƙwalwar (i7 ɗin) da ƙarfen a sa sabo. Kowace kwamfuta tana jan wajen wat 100 zuwa 120 a cikakken aiki, huɗun kusan wat 500, kuma duk zafi yake komawa cikin ɗakin. In babu kilim, a buɗe taga a sa fanka, a bar dogon aiki sai dare.

Batun ɗaukewar wuta ya fi tsanani a aikin haɗin gwiwa: kwamfuta ɗaya ko suwic in ya mutu, MPI yana kashe aikin duka. Saboda haka suwic ma ya hau onduler (UPS, batirin riƙe wuta), ba kwamfutocin kaɗai ba. Onduler mai VA 1,500 ƴan mintoci zai ba ka a kan wannan nauyi, na kashewa cikin tsari ne, ba na ci gaba da aiki ba. A fayil ɗin controlDict ka sa writeFormat binary, startFrom latestTime, purgeWrite 2 (a ajiye rubutu biyu na ƙarshe kawai), writeInterval kuma adadin zagayen da ke cin kamar minti 20. Dalilin 2 ba 1 ba: in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, babban fayil na ƙarshe ya lalace, sai ka share shi a cikin kowane babban fayil mai suna processor ka tashi daga na bayansa. Kowane rubutu a ragarka zai kai mega 400 da ɗoriya, sakan huɗu a gigabit, fiye da rabin minti a megabit 100, kowa kuma yana tsaye har a gama.

Dattijon Injiniya, Hanyar Tanut:

Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma ina da ja a kan alƙiblar. Ɗana, kai da bakinka ka ce tsarin tagogi 12 za ka gwada. To ba aiki ɗaya gare ka da kake so ya yi sauri ba, ayyuka 12 ne da ba ruwan ɗaya da ɗaya. Ba wa kowace kwamfuta tsari uku ta yi su bi da bi a kan ƙwayoyinta huɗu da faifanta na ciki. Babu musaya ta waya, babu NFS, GAMG tana aiki a inda ta fi ƙarfi, kuma in ɗaya ta mutu ukun suna ci gaba. Ninki huɗu cif ke nan a kan kwamfuta guda, abin da haɗin waya ba zai taɓa ba ka ba ko ka gyara komai.

Gene Amdahl ya bayyana dalilin tun 1967: in kashi s na aiki ba ya rabuwa, ninkin da ma'aikata N za su ba da shi ne 1 a raba da (s + (1 − s)/N). Kashi biyar cikin ɗari kawai ya zama jira da rubutu, 16 za su ba ka 9.1, kuma ko ka tara dubu ba za ka wuce 20 ba. Haɗa kwamfutocin kasuwa da waya abu ne da ya yi aiki tun Beowulf da Thomas Sterling da Donald Becker suka haɗa a NASA a 1994 da kwamfuta 16, amma tun lokacin gudun ƙwaya ya yi wa jinkirin waya nisa sosai. Haɗin yana da amfani a wuri biyu: in raga ta fi ƙarfin RAM ɗin kwamfuta guda, ko in amsa ɗaya kake bukata da gaggawa. Ƙiyasin da aka saba shi ne wajen giga ɗaya ga gurbi miliyan ɗaya, ragarka ta shiga giga 16 da sarari.

Kafin duk wannan ma, ka tabbata kana bukatar miliyan 4.1? Yi tsari ɗaya da raga uku, kamar dubu 500, miliyan 1.5 da miliyan 4.1, ka kwatanta yawan iskar da ke fita ta tagogin sama da zafi a tsayin tarin buhuna. In ta tsakiya ta kusanci babbar da kashi biyu ko uku cikin ɗari, yi 12 ɗin da ita, ka tabbatar da biyun da suka yi fice da babbar. Yi amfani da mapFields ka fara babbar raga daga amsar ƙaramar.

Kuma ban ga ka ambaci zafin da kwano ke haskawa ƙasa ba. A ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana wannan babban rabo ne na zafin da ke kaiwa ga buhuna, ba iska kaɗai ba. In ka kunna fvDOM, hanyar lissafin wannan zafin haske, da nPhi 3 da nTheta 5, hasken zai rabu kashi 60, kowanne da lissafinsa a kan ragar duka, ƙarin RAM kusan giga 2 ko fiye. Sa solverFreq 10 don kada a warware shi a kowane zagaye. Duk gwajin gudun da za ka yi, yi shi bayan ka kunna wannan, domin yana sauya lissafin lokaci.

Tambayarka ta biyu: ba kuskure ba ne in bambancin ƙarami ne. Lambar kwamfuta mai bayit 8 tana riƙe alƙaluma 15 zuwa 16 ne, saboda haka (a + b) + c ba ya zama daidai da a + (b + c) har ƙarshe. Sauya rabo yana sauya jerin tarawa, yana kuma sauya hanyar da mai warwarewa ke bi. Inda ya kamata ka damu shi ne in bambancin ya kai rabin digiri ko fiye. Wannan yakan nuna cewa iskar da zafi ke ɗagawa ba ta tsaya cik ba, tana lilo, ragowar kuskure kuma tana hawa da sauka ba ta faɗuwa. A nan sai ka ɗauki matsakaici da fieldAverage a kan zagaye dubu na ƙarshe, ko ka koma buoyantPimpleFoam mai bin lokaci.

Ɗalibin Injiniya, Garin Malam:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara sani. Ga abin da ya fito. dmidecode ya nuna baret ɗaya a kowacce. ethtool ya nuna kwamfuta ta uku tana kan 100, da aka sauya wayarta ta koma 1000. Da yanki 16, multiLevel da PCG, zagaye 100 yanzu sakan 310 ne. Bambancin zafin kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Zan bi shawarar Baba na raba tsare-tsaren. Sauran tambaya ɗaya: kafin a samu kuɗin baret huɗu, in cire na kwamfuta biyu in ƙara wa ɗaya biyun, su zama biyu masu hanya biyu-biyu?

Ƴar Birni:

A'a, bar su yadda suke. Baret huɗu hanya huɗu ce ko ta yaya ka jera su, sai dai yawan ƙwayoyin da ke jansu ya bambanta. Yanzu kowace kwamfuta tana ba ka ninki 2.1, huɗun a tsare-tsare daban 8.4 ke nan. Biyu masu hanya biyu za su ba ka wajen uku-uku, jimla shida. Haɗin wayar da ka gyara kuma 1,900 a raba da 310 ne, wato 6.1, don haka ka ajiye shi don babbar ragar tabbatarwa ta ƙarshe. Cire baret zai yi ma'ana ne kawai in onduler ko zafin ɗakin ba za su ɗauki huɗu ba. In za ka sayi ƙarin, ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin baret ɗin da ke ciki ka tafi da shi kasuwa, a ba ka giga 16 DDR4 ta kwamfutar tebur, ba gajeriyar ta kwamfutar hannu ba, ba kuma ta uwar garke (server) mai rajista ba, domin allon i7-7700 ba ya karɓar ta.